Baban da ya koya ma ɗalibanmu kiɗa: inda ya burge ni da inda ya ɓata mani rai

Jama'a tun ranar bikin yaye ɗalibai na makarantarmu ake ta tambayata wai wa ya koya ma yaran nan kiɗa, wasu malaman har waya suka bugo mani, to bari in faɗi komi gaba ɗaya in huta.

Ni ke riƙe da kulob ɗin Hausa a wata sakandare mai zaman kanta nan cikin Katsina. Shekara biyu muna fama da wasu gangunan fareti da aka sawo mana, irin masu fatar roba ɗin nan, babba ɗaya ƙanana huɗu, ba su yi zango biyu ba ƙarafunan suka yi tsatsa, ɗaya ma ta fashe ana gobe faretin 27 ga Mayu. Ko lokacin da suke lafiya ma ba kiɗa yaran ke yi ba, duka ne kawai, kowa na jibgar tashi kamar an aiko shi. Na taɓa nuna masu bidiyon 'yan sakandaren Amurka a YouTube, an jera su gaban marimba, wannan mai jerin katakai da ake bugawa da 'yan sanduna, kowa na kallon takarda yana kiɗa, wani yaro ya ce Malam ai wannan sai 'ya'yan gwamna. Ban musa mashi ba, mu da ko maka ta rubutun allo sai an yi rigima.

Shi ne wani abokina mahauci ya haɗa ni da wani dattijo cikin gari, dama ai kalangu kiɗan mahauta ne, su suka san inda masu shi suke. Baban shi ke haɗa kayan da hannunshi, gado ya yi. Muka yi ciniki a kan zai kawo kalangu uku, ɗan karɓi biyu, ganga biyu, kuntuku ɗaya da caki, sai ƙore na 'yan mata, kuma ya koyar da yara goma sha biyar sati shida, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Duka kuɗin bai kai abin da aka kashe kan gangunan robar nan ba.

Kayan dai ba abin cewa. Kalangun tantaninshi har kana hango inuwar yatsanka ta ciki, tsirkiyoyin an ja su daidai, in ka matse a hammata murya ta hau sama, in ka saki ta sauko, har wata 'yar SS1 ta ce wallahi Malam magana yake. Ƙwaryar ma ba kowace ya ɗauko ba, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da zobenshi, babbar cikinsu ya kife ta cikin baho mai ruwa, in aka buga sai ka ji dim har cikin ƙirji.

Amma abin da ya sa nake wannan dogon rubutun koyarwar ce. Satin farko bai bar kowa ya taɓa ganga ba, yara sun zo da ɗoki sai ya zaunar da su ƙarƙashin bedi ya ce tafi za a yi, da baki za a faɗi kiɗan tukuna, wai abin da bakinka bai iya faɗi ba hannunka ma ba zai iya ba. Ni kaina sai da na ce cikin raina anya kuɗinmu ba su tafi ba. Sati na biyu ya raba kaya, kuma rabon ya ba kowa mamaki, babbar ganga ya miƙa ma wani yaro shiru-shiru wanda ko a aji ba ka jin muryarshi, shi kau sarkin rawar kai da ke ganin kalangu nashi ne aka ɗaura mashi ɗan karɓi a cinya, bugu iri ɗaya zai yi ta maimaitawa har a tashi. Yaro ya kumbura ya ce Baba ni fa na iya, Baba ya ce na gani ɗana, kunnenka ne bai iya ba, sai ka ji na kusa da kai sannan ka san inda naka zai shiga. Haka ya yi ta ɗora su, ganga ta fara, kuntuku ya cike giɓi, ƙore su amsa, kalangu ne ƙarshen shigowa, in mutum ɗaya ya yi gaggawa a tsaya a koma farko ko sau ashirin ne. Ya kan ce masu ku je ku saurari makaɗan Shata, kalangai da yawa amma ba mai taka wani. Yaran nan fa ba wanda aka haifa a 1999 da Dakta Mamman Shata ya rasu, amma kafin sati ya zagayo ana ta tura ma juna waƙoƙinshi a WhatsApp. Wani ya tambaye shi yaushe za a kawo tambari, Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan na Sarki ne, a fada yake, kai ma ka sani in dai ɗan Katsina ne kai.

To sai ɓacin ran. Baba bai san lokaci ba, a ce ƙarfe huɗu sai biyar saura ka ga ɗan acaɓa ya sauke shi, waya kuma ko ka kira sau goma ba ya ɗauka, ga iyaye na jiran yara kafin magariba. Kuma bai gaya mana yadda ake ajiye kaya da damina ba, muka jibge su ƙasa cikin sito, ranar biki da safe bayan ruwan da aka kwana yi aka ɗauko ganga fatar ta saki, ka buga kamar kana dukan buhun dusa. Sai da ya sa aka hura gawayi bayan aji yana gasa su yana taɓawa da yatsa, baƙi na zaune. Tantani ɗaya da yaro ya huda kuma sai da ya caje mu kuɗi daban, alhali ba mu yi haka da shi ba.

Wanda ya fi ci mani rai shi ne ana cikin wasa, yara na yin abin da ya sa iyaye suka miƙe tsaye, sai ga Baba ya karɓe kalangu ya nufi mai makaranta yana zuba mashi kirari ana liƙi. Dama da ƙyar na shawo kan wasu iyayen, akwai wanda ya zare ɗanshi tun sati na uku ya ce Malam gidanmu ba maroƙa ba ne, to ga shi an ba shi hujja.

Duk da haka in an tambaye ni zan ce a ɗauke shi, mu ma mun riga mun yi magana zai dawo zango mai zuwa. Sai dai malam in za ka kira shi ku rubuta komi a takarda har kuɗin gyara, ka ce mashi ƙarfe uku in huɗu kake so, ka faɗa mashi tun farko ba roƙo ranar taro, kayan kuma a kafa ƙusa a rataye su a bango.