Na gwada kai koke kan kwangilar gwamnati, ga yadda ta kaya

Shekara 11 ke nan ina kai wa ofisoshi kujeru, tebura da kabad na ƙarfe, galibi aikin yarana ne a Panteka. Bara wata hukumar gwamnatin tarayya da ke nan Kaduna ta yi tallar neman masu kawo kayan ofis, na shiga. Ranar buɗe ambulan ina zaune a zauren aka karanta farashin kowa a bainar jama'a, nawa ya fi sauƙi. Daga nan shiru. Sai daga baya na samu labarin an cire sunana, wai babu shaidar biyan haraji a cikin takarduna. Takardar da na jera da hannuna, shafi na 7, tsakanin ta rajistar kamfani da ta fansho.

Kamun ƙafa na fara, kuma shi ya kusa kai ni ya baro. Kwana tara ina zaman benci a ƙofar ofis, kullum amsar ɗaya ce: "Alhaji, oga yana mitin, a dawo gobe." Wani dattijon ɗan kwangila ne ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, maganar baki ba ta shiga fayil. Je ka rubuta, kwanakinka na ƙarewa."

Gaskiya ya faɗa. Sashe na 54 na dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ya ba ɗan kwangila kwanakin aiki 15 kacal, daga ranar da ya san da matsalar, ya kai koke a rubuce ga shugaban hukumar. Shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya ba da amsa a rubuce, da dalilansa. In bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, akwai kwanakin aiki 10 na ɗaukaka ƙara zuwa BPP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya a Abuja, wadda za ta iya dakatar da kwangilar har ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21. Bayanta sai Babbar Kotun Tarayya, cikin kwana 30. Wannan na tarayya ne fa. Kwangilar jiha tana ƙarƙashin dokar Kaduna ta 2016 da KADPPA, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin jihar.

Shafi ɗaya na rubuta: lambar tallar, ranar buɗe ambulan, abin da aka ce babu, da kwafinsa a maƙale. Na kai kwafi biyu ofishin karɓar wasiƙu, na tsaya a kan magatakarda har ya buga hatimi da kwanan wata a nawa. Ranar na ga fuskoki sun canza. Mutumin da ke cewa in dawo gobe shi ya miƙo mini kujera.

A kwana na 13 amsa ta zo, an ga takardar, an mayar da ni cikin tantancewa. Cikin kashi biyu da aka raba kwangilar na samu ɗaya, na kabad.

Tsarin yana aiki, na shaida. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wanda kake kuka da shi, shi ne alƙalinka na farko. Kwana 15 kuma ya yi kaɗan ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba ya da lauya, wanda ma bai san agogo ya fara bugawa ba. Da za a wajabta manna waɗannan kwanakin da Hausa a allon sanarwar kowace hukuma, kusa da tallar kwangilar, da mutum uku da na bari a kan bencin nan sun rubuta nasu a kan lokaci.