Abin da ya riƙa shanye batirin motata a Winnipeg

A watan Janairun da ya wuce, sau huɗu motata tana ƙin tashi da safe a ƙofar gidan da nake haya a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada. Sanyin garin nan a wannan wata yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, iska tana yankan fuska kamar reza, numfashin mutum yana daskarewa a gemunsa kafin ya kai bakin titi. In murɗa makulli, in ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su dushe, shi ke nan. Da a Kano ne, ina leƙowa waje samari huɗu za su taso daga majalisa su tura ni har ta tashi, in ɗaga musu hannu in wuce. A nan titi fayau yake, kowa yana cikin gidansa, kuma ko an sami masu turawa, mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi. Sai dai in kira motar agaji ta ƙungiyar direbobi da nake biya wa kuɗin shekara su zo su ja mini wuta, ranar da sanyi ya tsananta kuwa jiran ya kai awa uku, domin kowa kira yake yi.

Bayan karo na biyu na kira tsohon rewayana na Kano, mutumin da ya shekara goma yana gyara mini wutar mota, na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, “Alhaji, ai ba wata magana, batir ne ya gaji, sanyi ya cinye shi. Sayi sabo ka huta.” Ni ma abin da ke raina ke nan, saboda haka washegari na nufi shagon kayan mota.

Sayen batir a nan ya bambanta da wanda muka saba. Ba a tambaye ni ko mai amfiya 62 nake so ko mai 75 ba. An tambayi irin motar da shekarar da aka ƙera ta, aka duba a kwamfuta, aka nuna mini waɗanda suka dace da ita. Lambar da suka fi kula da ita ita ce wadda suke kira CCA, wato yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba. A jikin batirin akwai ’yar takarda mai nuna wata da shekarar da ya fito, don kada a sayar wa mutum wanda ya daɗe a kan kanta. An ba ni rasit da garantin shekara uku. Abin da ya ɓata mini rai shi ne kuɗin da ke rubuce a kanta ba shi ne ake biya ba, sai an je wurin biya ake ɗora harajin tarayya kashi 5 da na lardi kashi 7, sannan ba a ciniki, ko sisi ba a ragewa, kuma babu mai cewa Allah ya sa alheri. Sun kuma riƙe mini dala 20, suka ce sai na kawo tsohon batirin za su mayar mini.

Sabon batir ya yi mako guda lafiya lau. Daga nan na yi kwana uku ban taɓa motar ba, ranar Litinin da asuba na murɗa makulli, sai ga ƙas-ƙas ɗin nan ta dawo.

Na cire batirin, na ɗauke shi a motar maƙwabcina, na koma shagon raina a ɓace. Na dire shi a kan teburi a gaban mutane na ce an sayar mini da jabu, kuma na ɗaga murya, domin a gida wanda bai ɗaga murya ba ba a mayar masa da kuɗinsa. Yarinyar da ke wurin, wadda ba za ta wuce sa’ar ’yata ta fari ba, ba ta yi musu da ni ba. Ta ɗauko wata na’ura, ta maƙala ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, ta ce batirin ya sauka ƙwarai, gwajin ba zai faɗi gaskiya ba sai an cika shi, in bar shi ya kwana a caji ba tare da na biya komai ba. Da na dawo washegari ta sake gwadawa a gabana, na’urar ta fito da ’yar takarda kamar rasit ɗin POS, tana nuna volt 12.6, ƙarfin tayar da inji kuma ya ɗan zarce abin da aka rubuta a jikinsa. Ta ce idan na nace za ta sayar mini da wani, amma shi ma kwana uku zai yi ya mutu, domin akwai abin da ke shan wuta a motar bayan an kashe ta, kuma mai yiwuwa tsohon da na kawo musu ma lafiyarsa ƙalau. Kunya ta rufe ni. Na zargi mutane da ha’inci a bainar jama’a ba tare da hujja ba, ga shi wadda na zarga ce take hana ni asarar kuɗi. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma har yau idan na tuna sai in ji nauyin abin.

Gareji kuma wata duniya ce. Ba a shiga kai tsaye a kira bakanike, sai an yi waya an ba mutum rana, ni kwana shida aka ba ni. Kafin a buɗe bonet sai da na sa hannu cewa na yarda zan biya dala 140 na awa guda ta bincike kawai, ko an gano matsala ko ba a gano ba. Na lissafa kuɗin a naira, na tuna rewayana da yakan hau babur ya same ni duk inda mota ta tsaya, ya karɓi abin da ya sauwaƙa, har ya tambayi lafiyar iyali. A wannan lokacin kewar gida ta kama ni ƙwarai.

Amma abin da na gani a cikin awar nan shi ya sa nake wannan rubutu. Da na roƙa, bakaniken ya bar ni na tsaya daga gefe. Ya ce batirin da ke yawan mutuwa tambaya uku ake yi masa, kuma ba a canja komai sai an amsa su: batirin kansa lafiyayye ne, altaneta tana cika shi, ko kuwa akwai ɓarawon wuta? Ta farko takardar shago ta riga ta amsa. Ya ce batirin da ya cika, ya kuma huta, yana nuna kusan 12.6, idan ya nuna 12.2 ya sauka zuwa rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Ya tayar da mota ya ɗora mita a kan batir, ta nuna 14.2, ya kunna fitilu da hita, lambar ba ta faɗi sosai ba. Ya ce matuƙar tana wajen 13.8 zuwa 14.5, altaneta tana aikinta. Ya duba bel, ya girgiza kawunan batir ko sun yi sako-sako ko sun tara farin garin nan, duk lafiya.

Daga nan ya kashe mota, ya zare makulli, ya buɗe ƙofar direba ya danne maƙullinta da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take. Ya kwance wayar baƙin kai, ya sa mita tsakaninta da batir yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikinta. Sai ya tafi ya kama wani aiki. Ya ce motocin yanzu cike suke da ƙananan kwamfutoci, kuma sukan ɗauki rabin awa ko fiye kafin su yi barci, wanda ya karanta mita da wuri zai kama wanda bai yi laifi ba. Bayan minti 40 ya dawo, mita tana nuna amfiya 0.41, alhali bai kamata ta wuce 0.05 ba. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari da ɗan matsefi yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ya sa ni kallon mita. Na farko babu canji, na biyu haka, har zuwa na tara, sai lambar ta faɗo 0.03. A ƙafar fiyus ɗin akwai wata siririyar jar waya da aka naɗa aka cusa. Ya bi ta har bayan madubi, inda kyamarar ɗaukar hanya take. Wani ɗan uwanmu ne ya haɗa mini ita kyauta a watan Nuwamba, da kyakkyawar niyya, amma ya ɗauko wuta daga layin da ba ya mutuwa ko an zare makulli, saboda haka kyamarar dare da rana take aiki, allonta kawai ke dushewa.

Ya yi mini lissafin a bayan takarda. Abin da ke jan amfiya 0.4 yana shan kusan 10 a kwana guda, kwana uku kusan 30 ke nan, wato rabin abin da batir irin nawa yake ɗauka. Da a lokacin zafi ne, rabin zai iya tayar da inji. A sanyi kuwa batir yana rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa, man inji ya yi kauri, injin yana neman wuta fiye da kullum. Ga shi tafiyata zuwa aiki minti goma ce, da hita da fitilu a kunne, altaneta ba ta samun lokacin mayar da abin da aka ci. Igiyar wutar mota da muke jonawa a bango da dare a nan saboda sanyi kuma inji take ɗumamawa, ba ta cajin batir, abin da ban sani ba sai ran nan. Ya ƙara da wata magana da ta shafe ku da ke gida fiye da ni: zafi ne ya fi kashe batir, domin yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantansa, sanyi dai fallasa rauninsa yake yi. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri kada ya yi tsammanin batirinsa zai yi shekarun da namu yake yi a nan.

Ina jin ciwon yadda muke yi a gida, kuma da ni aka yi. Mota ta ƙi tashi, a kai batir wurin mai caji, bayan kwana biyu a sake kaiwa, har ya lalace da gaske, domin duk saukar da ya yi har ƙasa tana rage masa kwana. A haɗa kawunansa da waya a ga tartsatsi a ce da sauransa, alhali batirin da ke caji yana fitar da iska mai kama wuta. A cire kan batir inji yana aiki wai a ga ko altaneta tana caji, dabarar da aka gada daga zamanin Fijo 504, wadda a motar yau take iya ƙona ƙwaƙwalwar mota. A ƙara masa asid ko ruwan rijiya inda tataccen ruwa kawai ake bukata. A sayi sabo babu rasit, idan ya mutu a koma a yi ta rantse-rantse. Tsohon kuma a fasa shi a bayan gareji, a zubar da asid a kwata, yara suna wasa kusa da dalma, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Dala 20 ɗin nan da na yi ta ƙorafi a kai, ashe ita ce ke sa kowane tsohon batir ya koma hannun masu narkar da shi yadda ya kamata.

Ba wai masu gyaranmu ba su iya aiki ba ne. Rewayana yakan warware altaneta gaba ɗaya, ya canja gawayinta, ya sake naɗi, ta koma aiki, a nan kuwa yawanci cire ta ake yi a sa wata a caje ka ɗaruruwan daloli. Hannunsa ya fi na wanda na biya dala 140. Abin da ba ya yi shi ne aunawa kafin ya yanke hukunci, mu masu mota kuma ba ma haƙurin jiran minti 40, kuma ba ma son biyan mutum ladan bincike sai mun ga ya ɗaura sabon kaya.

An mayar da wayar kyamarar kan layin da ke mutuwa tare da makulli, aikin bai kai minti biyar ba. Tun ran nan motar takan kwana huɗu a waje ta tashi bugu ɗaya. Na sayi mita biyu, kowace ba ta kai dala 30 ba, ɗaya tana cikin motata, ɗayar kuma na ba wani mai tafiya Kano ya kai wa rewayana, tare da saƙon murya mai tsawo da na yi masa bayanin gwajin fiyus daki-daki. Ya amsa da cewa, “Alhaji, na gode, ai ina da irinta a akwati, ban dai taɓa sa ta a tsakanin waya da batir ba.” Ya ce akwai wata Honda da mai ita ya canja batir sau biyu a bana, ya kira shi ya kawo ta ranar Asabar.