Fanni Ɗaya, Biyu, ko a Dakata? Zaɓin Kwas ga Haziƙan Ɗalibai a Jami'o'in Amurka

A Najeriya tun ranar cike fom ɗin JAMB ɗalibi ke ɗaura wa kansa kwas. A Amurka yawancin jami'o'i kan bar mutum ya shiga bai ayyana babban fanninsa ba har ƙarshen shekara ta biyu, wato wajen kiredit 60 (ma'aunin yawan darussan da aka ci) cikin 120 da digiri ke buƙata. Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT) kuwa a ƙarshen shekarar farko take so a zaɓa. Wanda ya samu gurbi a shirin haziƙan ɗalibai, irin kwalejin Barrett ta Jami'ar Jihar Arizona ko Schreyer ta Penn State, hanyoyi uku ne a gabansa.

Zai iya dakatawa ya ɗanɗani darussa tukuna. Ga mai sha'awar tarihi ko kimiyyar siyasa wannan ba laifi. Mai son injiniya kam kada ya fara. Darussan lissafi da fiziks a jere suke, sai an ci na farko ake shiga na biyu, kuma jinkirin zango ɗaya na iya jawo shekara ta biyar, da kuɗin makarantarta a dala.

Zai kuma iya haɗa manyan fannoni biyu. Nan ne haziƙai suka fi ruɗuwa, domin abin yana da kyau a takarda. To amma Barrett da Schreyer duk suna buƙatar kundin bincike kafin a kammala, Schreyer ma sai mutum ya riƙe makin 3.40 cikin 4. Ka ɗora darussan sashe biyu a kan wannan, taura biyu ke nan a baki ɗaya. Tana taunuwa ne kawai in fannonin sun yi tarayya a darussa, kamar lissafi da tattalin arziki.

Ni dai na fi karkata ga ta uku, babban fanni ɗaya da ƙarami a gefe. Ƙaramin fannin galibi darussa biyar ko shida ne, sai ya rage wa mutum sararin yin binciken da gaske.

Ɗalibin da ya zo daga waje akwai lissafin da abokansa Amurkawa ba sa yi. Mai bizar karatu ta F-1 ana rubuta babban fanninsa a I-20, wato takardar shaidar ɗalibta da jami'a ke ba shi, kuma izinin aiki na wata 12 bayan kammalawa dole ya shafi wannan fannin. Idan yana cikin jerin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi da gwamnati ta amince da shi, ana iya ƙara wata 24. Ƙaramin fanni ba ya jawo wannan ƙarin. Tattalin arziki ma wata jami'ar ta yi masa rajista a cikin jerin, wata ba ta yi ba, don haka a tambayi lambar rajistar kwas ɗin, a ga ko tana cikin jerin, kafin a sa hannu.

Mashawarci ɗaya bai isa ba. Na shirin haziƙai ya san ƙa'idar kundin, malamin sashe ya san wane darasi ne ake bayarwa sau ɗaya kawai a shekara, jami'in ofishin ɗaliban ƙasashen waje kuma shi ke sabunta I-20 in an canza fanni. Iyayen da ke jiran a ce musu ɗansu ya zaɓi likitanci ko lauya kuwa sai su yi haƙuri, a can sai an gama digirin farko ake neman waɗannan makarantun.