Bin Diddigin Sunan Zuriya a Faransa: Jerin INSEE ko Tsofaffin Rajistoci?

Mai neman asalin sunan iyali da ba kasafai ake jin sa ba a Faransa yana da hanya biyu. Jerin hukumar ƙididdiga ta INSEE ya fi sauri: yana nuna yawan waɗanda aka haifa da sunan daga 1891 zuwa 2000, gunduma-gunduma. Illarsa ita ce sunayen da masu su ba su da yawa an haɗe su a rukunin "sauran sunaye", kuma bai faɗin ma'ana.

Rajistocin coci da na ofishin magajin gari sun fi wahala, amma su ne abin dogaro. Tun dokar 1539 aka wajabta wa limaman coci rubuta baftisma, a 1792 aikin rajistar haihuwa ya koma ofishin magajin gari. Fara da jadawalin shekara goma-goma (jerin sunayen da ke cikin rajistocin) na ƙauyukan gundumar da INSEE ta nuna, ka riƙa komawa baya daga ɗa zuwa uba. Inda ake tuntuɓe shi ne rubutu: limami yakan rubuta yadda kunnensa ya ji, sai ka ga wa da ƙane, ɗaya Lefebvre ɗaya Lefèvre. Don haka gwada kowane salon rubutu, ka tabbatar da sunan uwa da na shaidu.