Kwas ɗin zama malamin tuƙin jirgi, ga yadda na gan shi

Masu tambayata kan kwas ɗin da na yi a Amurka bayan na ajiye aikin kamfanin jirage, gaskiya makarantar ta yi, amma fa kar ka ɗauka don ka daɗe kana jan manyan jirage abin zai zo maka da sauƙi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, sai ka rubuta mata jarabawa biyu, ta dabarun koyarwa da ta ilimin jirgi, sannan a hau da kai sama a koya maka ceto jirgi in ya fara wulwulawa yana yo ƙasa.

Malamin ne ya fi burge ni wallahi, sai ya zauna kujerar hagu ya mai da kansa sabon ɗalibi, ya taka feda ba daidai ba, ya fizgo sitiyari wajen sauka, kai kuma kana kujerar dama cikin ɗan ƙaramin jirgi Cessna 172 kana ta bayani baki ba hutu, kuma dole ka san lokacin da za ka karɓe jirgin, ba da wuri ba ba a makare ba.

Matsalarsu ɗaya, jirage kaɗan ɗalibai rututu, kullum a ɗaga maka lokaci. Kafin ka biya tambaye su jiragensu nawa ke tashi.