Hattara da Masu Gyaran Yoyon Kwano na Bogi a Kano

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Wannan jan kunne ne daga masu sana'ar rufi zuwa ga masu gidaje, musamman iyayenmu mata da dattawa waɗanda ba sa iya hawa tsani. Da zarar an yi ruwan farko a watan Mayu ko Yuni, silin ya fara tabo, sai ka ga mutum biyu ko uku sun ɓullo da tsani da bokitin wani baƙin abu suna sallama gida-gida. Wasu kuma a Facebook da WhatsApp suke ɗana tarkonsu da hotunan aikin da ba nasu ba. Jarinsu guda ɗaya ne: sun san maigida ba zai hau ya gani ba, kuma ba zai auna ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Salon farko shi ne na "maganin yoyo". Za su ce, "Alhaji, wannan sinadari daga waje yake, idan muka shafa shekara goma ba ka ga ɗigo ba." Abin da ke cikin bokitin galibi kwalta ce aka tsinka da kananzir ko baƙin mai. Ranar da aka shafa tana sheƙi. Amma kwano abu ne mai motsi. Fallen alminiyom mai tsawon mita 10 yana ƙara kusan milimita 9 idan zafinsa ya hau da digiri 40, na ƙarfe kuma kusan milimita 5, da dare ya koma. Ƙarar ƙas-ƙas da kuke ji da azahar ita ce wannan motsin. Kwaltar da aka tsinka ba ta jure hakan: ta narke a zafin rana, ta bushe, ta tsage. Ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya kwanta, tsatsa ta ci kwanon a ɓoye. Ƙaramar kafa da sukuru ɗaya zai toshe, sai ta zama ramin da yatsa ke shiga.

Yoyo yana da dalili, kuma yawanci dalilin ƙarami ne. Wanda ya fi yawa shi ne ƙusa. Motsin nan na kullum yana ɗaga ƙusa a hankali, robar da ke ƙarƙashin hularta ta ƙone da rana ta farfashe. Gyaran gaskiya shi ne a zare tsohuwar ƙusar, a ɗaura sukuru mai sabuwar roba wanda ya ɗan fi ta kauri, a tabbatar ya kama katako. A ɗaure har robar ta zauna daram, kada a matse har ta fito ta gefe. A kan tudun kwano ake bugawa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Duk wanda kuka ga yana buga tsohuwar ƙusa da guduma ta koma raminta, sannan ya lafta mata kwalta, ku sauko da shi. Idan kuma sukurun yana juyawa ba ya kamawa, to gara ko danshi ya cinye katakon, sai an ɗaga kwanon an canza katakon tu-bai-tu da ya ruɓe.

Sai haɗin kwano. A gefe, falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi. A tsaye, na sama ya rufe na ƙasa da santimita 15 zuwa 20, wato inci 6 zuwa 8, kuma idan rufin ba shi da gangara sosai a ƙara. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska, shi ya sa bakin haɗin bai kamata ya fuskanci gabas ba. Mai son cin rarar kwano yakan rage hawan zuwa tudu ɗaya, yayyafi ba ya tona shi, sai ruwan Agusta mai iska.

A gidajen da aka ɓoye rufinsu bayan katanga, waɗanda suka yi yawa yanzu a sababbin unguwanni, sau da dama kwanon lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda ne suka toshe kwatar rufin da bakin indararo, ruwa ya taru ya koma baya ya tsallaka cikin silin. Tsintsiya da bokiti ne maganinsa, kafin damina da kuma tsakiyarta. A nan 'yan damfara suka fi cin kasuwa, domin ba a hango komai daga ƙasa.

Salo na biyu ya fi muni. Mutumin zai hau, ya yi ɗan jim, ya sauko yana girgiza kai: "Hajiya, wallahi rufin nan ya gama, sai dai sabo." Ya nuna hoton ruɓaɓɓen kwano a wayarsa, wanda ba lalle na gidan ba ne. Akwai ma waɗanda ke huda kwanon da kansu. Kada ku yarda da hoto. Ku sa ɗanku ko wani amintacce ya leƙa cikin silin da rana tsaka, duk inda haske ke shigowa akwai kafa. In ba a gani ba, mutum ɗaya ya hau da bokitin ruwa ya riƙa zubawa daga ƙasan rufi yana yin sama sannu a hankali, wani kuma yana ciki da tocila. Ku sani inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lalle nan kafar take ba, yakan bi jikin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya sauka. Mai hawa ya hau da sassafe, kwano a bushe, ya taka layin ƙusa kawai, ya kuma kula da wayar wuta.

Idan aka amince da sabon rufi, sai a shiga cuta ta gaba, wato kauri. Ana cinikin dogon kwanon alminiyom da 0.45 ko 0.55 ko 0.7 na milimita, kuma ido ba ya bambance su sosai, balle an yi fenti. A karɓi kuɗin 0.55 a kawo 0.35. Lissafin ba wuya: murabba'in mita ɗaya na shimfiɗaɗɗen alminiyom 0.55 yana da nauyin kusan kilo 1.5, na 0.45 kusan kilo 1.2, na 0.35 bai kai kilo 1 ba. A murabba'in mita 150, an sace maka sama da kilo 80 na alminiyom ke nan. Ka je da kanka inda ake yanka kwanon, ka sa a auna a gabanka da ma'aunin kauri a wuri uku daban-daban, nesa da bakin yanka, sannan ranar da aka sauke kaya a ƙofar gida a sake aunawa, domin a hanya ake musanyawa. Ka tafi da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne: ba ya kama alminiyom. In ya manne, ƙarfe ne mai fenti. Shi ma kwano ne mai amfani, amma ba kuɗinsu ɗaya ba. Kwanon gargajiya kuwa falle 20 ne a bandir, a ƙirga kafin a hau da shi.

Siririn kwano yana lotsewa da taku ɗaya, yana yagewa a bakin ƙusa idan iska ta ɗaga shi. Amma kauri kaɗai ba ya hana guguwa yaye rufi. Dole katakon ya zama a ɗaure da ginin da rodi ko langa-langa, kuma a ƙara yawan sukuru a gefuna da kusurwoyi, domin ta nan iska ke fara kamawa. Ku duba wannan kafin a rufe da silin.

Wasu ƙananan abubuwa suna nuna wanda ya san aiki. Ba ya yanka kwano mai fenti da injin gurza ƙarfe, domin zafin yana ƙone rigar kwanon, garin ƙarfen kuma ya bar ɗigon tsatsa. Almakashin kwano yake sawa, ya share rufin bayan ya gama. Ba ya lafta siminti a kan kwano don toshe haɗinsa da bango, domin siminti yana cin alminiyom kuma yana rabuwa da shi. Tsaga yake yi a bangon, ya cusa lanƙwasasshen falle ya sauko ya rufe haɗin. Ba ya amfani da man liƙi na silikon mai warin tsami, wannan na gilashi ne, yana cin kwano. Tsatsar da ba ta huda ba, burushin waya ya isa, sai jan fentin hana tsatsa, sai fenti hannu biyu. Wadda ta huda kuwa, a canza fallen kawai.

Batun kuɗi: kada kafin-alƙalami ya zama kuɗin kaya gaba ɗaya a hannun wanda ba ku san shagonsa ba. Ku sayi kayan da kanku, ko a Ƙofar Ruwa ko inda kuka saba, a rubuta kauri da tsawo da adadi a rasit. A yi magana tun farko cewa tsohon kwanon da aka cire na maigida ne, domin kuɗi ne a wajen 'yan gwangwan, kuma da yawa saboda shi suke cewa rufi ya mutu. A riƙe wani kaso na ladan aiki sai an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit da shaidar tura kuɗi da guntun kwanon, ya sanar da mai unguwa don a faɗakar da maƙwabta, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda. Idan kaurin kwanon ne bai kai abin da aka rubuta ba, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma tana karɓar irin wannan ƙorafi.