GoldenDict: sai ka saita shi da hannunka kafin ya yi maka aiki

Sana'ata fassara ce daga Turanci zuwa Hausa, yawanci takardun wayar da kan manoma da na kiwon lafiya. Da, in kalma ta tsaya mini a wuya, sai in buɗe shafi biyar ko shida, in kwafa nan in liƙa can. Kafin azahar ido ya yi ja, data kuma ta kusa ƙarewa. Wani abokin aikina ne ya nuna mini GoldenDict, yau wata takwas ke nan kullum da shi nake kama aiki.

Manhaja ce ta kwamfuta mai nemo kalma a ƙamusoshi da yawa lokaci guda, kyauta, wadda Konstantin Isakov ya fara, tana aiki a Windows da Linux da Mac. Amma ranar da ka ɗora ta kada ka sa ran ganin ƙamus ɗin Hausa a ciki. Kanta ce aka ba ka, kai za ka jera mata kaya. Na ga mutum biyu da suka goge ta a ranar farko don ba wanda ya gaya musu haka, kuma abin ya ba ni takaici, domin rabin awa kawai saitin yake ci.

Ka danna F3, taga za ta buɗe mai sassa da dama. A sashen Files ake nuna mata inda ka ajiye fayilolin ƙamus, irin su StarDict da Babylon da DSL. A sashen Wikipedia na ƙara ta Hausa da adireshin https://ha.wikipedia.org/w, nan take ta shiga layi. Inda ni dai na fi samun riba shi ne sashen Websites. Ga yadda abin yake: ka je shafin da ka saba neman kalma, ka nemi kowace kalma, ka dubi adireshin da ya fito a sama. Wurin da kalmarka ta bayyana a cikin adireshin, ka goge ta ka rubuta %GDWORD% a madadinta. Na Glosbe, wani ƙamus na intanet da nake amfani da shi, ya zama https://glosbe.com/en/ha/%GDWORD%. Daga nan duk kalmar da ka rubuta, manhajar ce za ta cusa ta a wannan gurbi ta kawo maka sakamako. Alamar % guda biyun nan dole su cika, gaba da baya, in ɗaya ta faɗi shafin zai yi ta neman abin da babu.

Kada ka zuba komai wuri ɗaya. Da farko haka na yi, sai kowace kalma ta tayar da shafuka bakwai lokaci guda, ga shi netiwok ɗin unguwarmu ba ƙarfi gare shi ba. Sashen Groups ne ya raba mini gardama. Rukuni uku na yi: ɗaya na ƙamusoshin da ke cikin kwamfutar kaɗai, wanda ko babu data yana aiki, ɗaya na Turanci zuwa Hausa har da shafukan intanet, ɗaya kuma na Wikipedia don kalmomin kimiyya. Yadda ka jera su a rukuni, haka za su fito, don haka wanda ka fi amincewa da shi ka sa shi a sama.

Abin da ya fi shiga raina kuwa shi ne ƙamus ɗin da na haɗa da kaina. Fayil ɗin DSL rubutu ne zalla: kalma a farkon layi, ma'anarta a layin ƙasa an ɗan tura ta ciki. Na kwashe kalmomin da muka daddale da masu duba aikina, waɗanda da suke warwatse a bayan littattafai, na zuba. Ran nan da dare an ɗauke wuta, ina kan takardar noman masara da sauran cajin kwamfuta kaɗan, sai ga "side dressing". Na zaɓi kalmar, na riƙe Ctrl na danna C sau biyu, ƙaramar taga ta fito kusa da rubutun da abin da na taɓa ajiyewa: zuba taki a gefen shuka bayan ta tsiro. Ban bar shafin da nake aiki ba, ban taɓa data ba. In ka ƙara sabuwar kalma, Ctrl da F5 za su sa ta sake karanta fayilolin.

Akwai inda sai ka kula. Haruffanmu masu lanƙwasa ba abin wasa ba ne a nema: kasa daban ƙasa daban, haka kafa da ƙafa, bari da ɓari. Wasu shafukan da lanƙwasa suka ajiye kalmar, wasu babu, shi ya sa nakan gwada duka biyun, kuma na kunna allon rubutun Hausa na Windows don kada in riƙa kwafo ƙ da ɗ daga wani wuri. Fayil ɗinka ma ka adana shi da tsarin Unicode, in ba haka ba haruffan za su koma alamar tambaya. Sannan shafin intanet yakan shigo da tallace-tallacensa, wani ma ba ya yarda ya fito a cikin wata manhaja sam. Irin wannan nakan cire shi daga rukuni kawai.

Fassarar da shafukan nan ke bayarwa kuma ba duka ake haɗiyewa ba, musamman inda jama'a ne ke zuba misalai. Manhajar tana jera maka su gefe da gefe ne, zaɓin naka ne. Ga ɗalibi, ko ɗan jarida mai fassara labarai da safe, ko malamin da ke shirya darasi, ina ba da shawarar a fara da rukuni biyu kacal da shafi ɗaya, a ƙara sauran in an saba. Ƙamus ɗina yanzu ya haura kalma ɗari huɗu, kuma duk Juma'a nakan kwafe fayil ɗin a filas.